Ragar waya ko feshin kora: wanne ya fi kare yaɗon lambu daga namun daji?

Ɗan'uwa, ka ce ka dasa yaɗo mai rufe ƙasa a ƙarƙashin itatuwan lambunka, kullum da safe sai ka tarar an aske tohon, kuma kana tsakanin sayen ragar waya da yin feshin da ke korar dabbobi. Ga yadda biyun suke idan aka jera su.

Kafin ka sayi komai, ka fara gano mai ɓarnar, don shingen da ke tare zomo bai kai gwiwar barewa ba. Ka tsuguna ka duba inda aka ci. Zomo na yanke kara a karkace, sumul kamar da reza, ba ya wuce santimita 60 daga ƙasa, kuma yana barin kashi ƙanana masu zagaye. Barewa da gada ba su da haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, saboda haka fizga suke yi, bakin karan ya fito a yage, wani lokaci a tumɓuke sabon dashe ɗungurum. Idan tsiro ya yi yaushi, ka ja shi ya taho ba saiwa, ga 'yan hanyoyi a ƙarƙashin ganye, aikin ɓera ne. Ramukan tono na kurege ne ko beguwa. Huji a tsakiyar ganye da sawun yauƙi mai ƙyalli kuwa na dodon koɗi ne, wanda raga da feshin duk ba su shafe shi ba. In ka rasa gane mai shi, ka baje yashi mai laushi a gefen kwamin da yamma, da safe ka karanta sawu.

Ta fuskar yadda suke aiki, raga tana hana isowa ne, ko dabbar ta ƙoshi ko tana jin yunwa. Feshi kuwa rage sha'awa kawai yake yi, ta wari ko ta ɗanɗano. Wannan shi ne babban bambancin, kuma daga gare shi sauran suka fito. Lokacin da ciyawa ta wadata a daji, ɗan wari ya isa ya sa barewa ta wuce gaba. Idan fari ko tsananin sanyi ya ƙone abinci, lambunka kaɗai ya rage kore, za ta ci da warin da komai. Wato feshi yana gazawa ne daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Aikin raga duk yana cikin awo. Don zomo, idon ragar kada ya wuce santimita 2.5, domin 'ya'yan zomo suna ratsa mai santimita 5 ba tare da wahala ba. Ka nemi mai faɗin santimita 90: 60 su tsaya a sama, 30 na ƙasa ka lanƙwasa su waje, su kwanta a ƙasa suna fuskantar inda dabbar ke fitowa, ka danne da ƙugiyoyin waya ko ka rufe da ƙasa kaɗan. Zomo yana fara tono ne a gindin shinge, sai ya ci karo da waya ya haƙura, bai san ya ja baya ya faro daga nesa ba. Wannan lanƙwasar ta fi dacewa da kai a kan binne raga a tsaye, tunda haƙa rami a ƙarƙashin itatuwa zai sassare musu saiwa. Kwami mai mita 3 da mita 4 yana cin raga mita 14, ka ƙara rabin mita na haɗin baki, da turaku 8 zuwa 10, tazarar mita ɗaya da rabi zuwa 2. Ka ɗauki wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, in ba haka ba sashen da ke kwance a danshi zai ruɓe kafin na sama. Kuma kafin ka rufe, ka tabbata babu zomo ko sheƙarsa a ciki, kada ka killace ɓarawo tare da kaya.

Ɓera sai raga mai ido milimita 6, a nutsa ta aƙalla santimita 15 zuwa 30. Barewa ita ce mai tsada: shingen da zai tare ta a fili sai ya kai mita 2.4. Amma ba ta iya kimanta zurfin wuri sosai, kuma ba ta son dira inda ba ta ga filin sauka ba, don haka shinge biyu masu tsawon mita 1.2 zuwa 1.5, da irin wannan tazarar a tsakaninsu, suna yin aikin dogo guda. Ƙaramin kwami ma shingen mita 1.5 yakan ishe shi. A kula da ƙasan shingen, don ta fi son ratsawa ta ƙasa a kan tsallakewa, gada kuwa ta ma fi ta iya wannan.

Akwai wata dabara da yaɗo kaɗai ke ba da damarta, saboda gajartarsa: maimakon kewaye wurin, a rufe shi daga sama. A kafa bakunan waya, a shimfiɗa ragar a kai ta tsaya santimita 10 zuwa 15 sama da ganye, a danne gefuna huɗu ƙam. Wannan yana tare zomo da barewa lokaci guda, ba tare da dogon shinge ba. Idan ragar ta kwanta a kan ganyen, toho zai leƙo ta ido a cinye shi, sannan yaɗon ya sarƙe da waya har ya zama ba a cirewa sai an yage shi. Kada a yi amfani da siririyar ragar roba ta tsuntsaye a ƙasa. Macizai da ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye suna maƙalewa a ciki su mutu, alhali zomo yana datse ta da haƙori.

Feshi ya fi sauƙin farawa, kuma ba ya ɓata kyan lambu. Wanda aka fi dogara da shi a kan barewa shi ne na ƙwai: kashi 20 cikin 100 ƙwai, 80 ruwa. Ƙwai 4 a ruwa mililita 800 za su ba ka kusan lita guda. A kaɗa sosai, a tace da ƙyalle, domin farin zaren da ke jikin gwaiduwa yana toshe bakin famfo. A fesa a busasshen ganye, da yamma, ranar da ba a sa ran ruwa. Yayin da ƙwan ke ruɓewa yana fitar da wari da hancin dabba ke ji bayan na mutum ya daina ji. Feshin barkono yana aiki ta ɗanɗano, ma'ana sai an ɗan ci kafin a gane, ruwa kuma yana wanke shi da wuri, sannan tsuntsaye ba sa jin zafinsa sam.

Matsalar feshi a kan yaɗo ta fi ta sauran tsirrai. Yaɗo kullum cikin fitar da sabon toho yake, kuma duk ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya, shi ne kuma dabba ta fi so. Dole a maimaita duk sati 2 zuwa 4, da bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan kana ban ruwa ta sama, kai da kanka kake wanke maganin, sai ka koma bayarwa ta gindi. Feshi ba ya taɓa ɓeran da ke cin saiwa ta ƙarƙashi. Kuma ya fi tasiri idan an fara shi tun ranar dashe, kafin dabba ta saba da wurin. Tunda naka an riga an ɗanɗana, ƙarfin feshin ya ragu. Kafur da wasu ke watsawa kada ka kusance shi, guba ne ga yara da karnuka, yana kuma gurɓata ƙasa. Na'urorin ƙara da fitilu da mutum-mutumi, kwanaki kaɗan dabba ke saba musu. Mai ɗan dama-dama a cikinsu shi ne famfon da ke watsa ruwa idan ya ji motsi, shi ma sai ana sauya masa wuri.

Raga ma tana da nata aibin. Kuɗinta da wahalarta a farko suke, ba ta da kyan gani, kuma rami guda a gindi ya isa ya ɓata aikin duka, don haka a zagaya ta duk sati. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne tana tare kyanwa da sauran masu farautar ɓera, ga yaɗo mai kauri wanda dama maɓoya ce. Ka bar tsiri na ƙasa tsirara, faɗin santimita 30 ko fiye, kewaye da gindin kowace itaciya, kada ɓera ya ɓuya ya gwaguye ɓawonta, kuma kada busasshiyar ciyawar da ake rufe ƙasa da ita ta wuce kaurin santimita 5.

A halin da kake ciki, raga muke zaɓa maka, musamman ta rufin sama, har dashen ya kama ya haɗe, galibi shekara ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin dashe mai ganye biyar idan aka aske shi sau biyu ya mutu, amma shimfiɗar da ta yi saiwa tana jure kiwo ta sake toho. Feshi ka ajiye shi don makonnin farko bayan cire ragar, da gefunan da dabba ke fara shigowa.

Inda ya mutu kuma, ka duba abin da za ka maye da shi. Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka ta jera tsirran ado aji huɗu bisa yadda barewar can ke cin su. Hosta, wani tsiron ado mai faɗin ganye, tana ajin da aka fi ci, yayin da gajerun tsirrai irin su tayim, ajuga da pakisandara suke ajin da ba a cika taɓawa ba. Masu ƙamshi mai ƙarfi, masu gashi a ganye da masu ɗaci su ne ke tsira. Na'a-na'a ma tana cikinsu, sai dai tana mamaye wuri idan ba a tare saiwarta ba. Jerin na barewa ne, ba na zomo ba, don haka ka gwada tsirrai 3 ko 4 a wajen raga na tsawon wata guda kafin ka sayi na cika kwami.