Hutun gidan gonar kaboyi: wanne ya dace da iyalin da hawansu bai zo ɗaya ba?

Idan zafin Jidda da Makka ya kankama aka rufe makarantu, mai hali yakan kwashi iyali zuwa garuruwan tudu masu sanyi irin su Ɗa'if ko Abha, wasu kuma su ƙetare. Cikin abubuwan da kamfanonin tafiye-tafiye ke tallatawa akwai wanda Amurkawa ke kira dude ranch, wato gidan gonar kiwo da ke saukar baƙi, a ba su ɗaki da abinci da doki na mako guda a kan kuɗi ɗaya. Tsohuwar sana'a ce. Howard Eaton da 'yan'uwansa ne aka fi ambata a matsayin waɗanda suka fara ta, kuma gonarsu tana nan a jihar Wayomin tun 1904. Ƙungiyar masu irin waɗannan gonaki, Dude Ranchers' Association, an kafa ta a 1926, ofishinta yana garin Cody. Gonar da ke cikinta an je an duba dawakinta da masaukinta, don haka daga jerin membobinta ya kamata a fara nema.

Hidimar tana da kyau, amma matsalarta ga iyali guda ɗaya ce. A gida ɗaya akwai maigida da ya tashi a barga, akwai saurayi da ke zuwa kulob ɗin hawa yana jin kansa gwani, akwai ƙaramar yarinya da ba ta taɓa taka likkafa ba, ga uwargida da ba ta ma da niyyar hawa. Gonar da za ta haɗa su a layi ɗaya ta cuci kowa, domin tawaga tana tafiya ne da saurin mafi rauni a cikinta. Gwanin zai yini yana kallon jelar dokin gabansa, sabon shiga kuma yana rungume da sirdi yana salati. Saboda haka tambayar farko ba ta kyawun ɗaki ba ce. A tambaye su: tawaga nawa kuke fitarwa a lokaci guda, mutum nawa a kowace, kuma da me kuke raba su? Amsar da ake so ita ce ana rabawa bisa ƙwarewa, da tawagar tafiya zalla, da ta sassarfa, da ta sukuwa, kuma mutum shida zuwa takwas ne ke bin jagora ɗaya. Wanda ya amsa da "dawakinmu duk masu sanyin hali ne" ya kauce wa tambayar.

Gonakin iri uku ne. Akwai ta aiki, inda shanun gaske suke, baƙo ya yini a sirdi yana kora garke da duba shinge. Wannan ta gwanaye ce, kada a kai yara ko mai ciwon baya. Akwai ta gargajiya, wadda hawa ne jigonta amma tana da shirin yara da kamun kifi. Sai ta shaƙatawa, mai kama da babban otal, da wurin ninƙaya da tausa, hawa kuma ɗaya ne cikin abubuwa da yawa, wani wurin ma sai an biya masa daban. Ga iyalin da muka kwatanta, ta tsakiya ta fi. Ta shaƙatawa takan burge uwargida, amma gwanin hawa zai ga kamar an yi masa wasan yara.

Ranar isowa za a tambayi tsawo da nauyi da ƙwarewar kowa, a zaɓa masa doki, kuma a yawancin gonakin gargajiya dokin nan ne naka har ka tafi. A nan maza ke yawan cutar kansu da ƙari. Ka ce kai gwani ne, a ba ka doki mai zafi, ka sha wahala mako guda. Gonaki da dama, irin su Tanque Verde da ke Tuson a jihar Arizona, ba sa barin baƙo ya shiga tawagar sukuwa sai ya ci gwaji a cikin shingen horo, kuma faɗuwa gwajin ranar farko ba abin mamaki ba ne ko ga wanda ya daɗe yana hawa. Dalili kuwa hawan nasu daban yake. Wanda ya koya a kulob a Jidda ko Riyad ya saba da siririn sirdin Ingila da riƙe linzami da hannu biyu a ɗaure. Wanda ya saba da hawan sallah ya saba da finciko linzami doki ya ja birki nan take. Dokin kaboyi, wanda galibi jinsin Quarter Horse ne, da hannu ɗaya ake sarrafa shi, linzami a sake. In za ka juya hagu, ka ɗora igiyar a gefen damar wuyansa, ya juya. Ka yi ta jan bakinsa sai ya fara ɗaga kai yana ja da baya, jagora kuma ya mayar da kai tawagar tafiya. Sirdin nasu mai nauyi ne da ƙaho a gaba, ya fi kusa da sirdinmu mai kwacciya, don haka Bahaushe ba zai ji baƙunta a zaman ba. Hannun ne ke buƙatar darasi, kuma gonar kirki tana bayar da shi kyauta cikin kwana biyun farko.

Akwai ƙa'idoji biyu da ake ganowa a makare. Nauyi: gonaki da yawa suna tsayawa tsakanin kilo 100 zuwa 113, kuma wasu suna ɗora mutum a sikeli. Shekaru: galibi sai yaro ya kai shida ko bakwai ake fita da shi daji, wanda bai kai ba ana jansa ne a kan ɗan ƙaramin doki cikin shinge. A tambaya a rubuce kafin a biya. A kuma tambaya ko ana rage kuɗi ga wanda ba zai hau ba, domin wasu suna ragewa, wasu ko kwabo.

Tsarin yini yawanci hawa biyu ne, na safe da na yamma, kowanne awa ɗaya da rabi zuwa biyu, da rana guda ta yini cikakke da guzuri. Rana ta biyu da ta uku cinya da gwiwa ke ciwo. Ciwon gwiwa sau da yawa daga gajeriyar likkafa ne, a ce a sassauta ta da rami ɗaya. Takalmi dole ya zama rufaffe mai dunduniya da santsin tafi, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa, silifas da kambas mai kaushin ƙasa ba su shiga ba. Abaya da jallabiya suna maƙalewa a ƙahon sirdi lokacin sauka, haɗari ne na gaske. Mata su sa wando mai kauri da riga mai faɗi zuwa gwiwa, da hijabi mai kama kai wanda hular kwano za ta zauna a kai. Mata suna da yawa cikin jagororin, ana iya roƙon a haɗa mata da jagora mace.

Zancen lokaci shi ke zaɓar jiha. Hutun makarantun Saudiyya ya faɗo daidai da kakar Wayomin da Montana da Kolorado, daga Yuni zuwa Satumba. Arizona a watannin nan zafinta ya haura digiri 40, babu ma'anar gudun zafin Makka zuwa can, nata lokacin shi ne watannin sanyi. A arewa kuma dare yana sanyi ko a Yuli, sai da rigar sanyi. Gonakin Kolorado da dama suna sama da mita 2,400, sun fi Ɗa'if tudu nesa, ciwon kai da haki ba sa wuya a kwanan farko. A kwana ɗaya a Denba, babban birnin jihar, kafin a hau, a yawaita shan ruwa. Mai hawan jini ko asma ya ga likita tukuna. Gonakin da ke kusa da Cody suna da ribar kusanci da gandun Yellowstone, wanda ya isa ya cika wa marasa hawa rana guda.

Inda hidimar ta gaza mana shi ne abinci. Ana ci ne tare a dogon teburi, karin kumallo da naman alade, wake ma akan dafa shi da shi, kuma a ƙarfe ɗaya ake gasa komai. Naman sa ba yankan Musulmi ba ne. Gona tana iya nisan awa biyu daga gari, ba shagon halal da za a ruga. A rubuta wa mai kula da kicin wata guda kafin tafiya, a nemi kifi da ƙwai da ganyayyaki a kasko na daban, a tambaya ko za su yi odar naman halal idan an biya. Giya tana nan da daddare, wasu gonakin suna da mashaya, wasu ba sa sayarwa. Banɗaki ba shi da bututun tsarki, buta ta shiga akwati. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma a Montana ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, isha ta kai sha ɗaya, asuba kusan huɗu. A sauke jadawalin salla a waya tun daga gida, sabis yana da rauni a mafi yawan gonakin.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Idan an ce dala 3,000 ga babba a mako, riyal 11,250 ke nan a kan riyal 3.75 kowace dala, kuma ba a gama ba. Akwai haraji, akwai ladan ma'aikata kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wani wurin an saka a takarda, wani sai ranar tafiya a tuna maka, akwai kuɗin ɗauko ku daga filin jirgi. Da yawa ba sa karɓar ƙasa da kwana shida ko bakwai a lokacin da baƙi suka fi yawa, galibi Lahadi zuwa Lahadi, kuma ɗakunan iyali suna ƙarewa watanni kafin lokaci. Kafin alƙalamin da ake biya ba kasafai ake mayarwa ba, don haka kada a tura shi sai bizar kowa ta fito daga ofishin jakadancin Amurka a Jidda ko Riyad, masu iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, kuma su tabbata takardar fita da dawowa ta rufe ranakun tafiyar duka.