Wata takwas ina buga Albion Online a Kano, ga abin da na gani

Wani abokina mai gyaran waya a Farm Centre ne ya jefa ni cikin wannan jarabar. Na kai masa wayata ya canza min gilashi, ina zaune a benci ina jira sai na ga yaron shagonsa ya duƙufa a kan waya yana ta saran itace, ba harbi ba tseren mota, saran itace kawai. Na ce kai wannan wane irin gem ne na wahala, mutum ya sayi data da kuɗinsa ya zo yana faskare? Abokin nawa ya yi dariya ya ce mutumina kawo in sa maka, in ka yi sati ba ka goge ba ka biya min shayi da ƙwai. Yau wata takwas kenan, shayin kam na biya tuntuni.

Sunan gem ɗin Albion Online, wani kamfani ne a Jamus mai suna Sandbox Interactive ya yi shi, ya fito a 2017, suka mai da shi kyauta a 2019, sannan ya zo waya a 2021. Da mai waya da mai kwamfuta duk duniya ɗaya suke shiga, kuma duk wanda ka gani yana yawo da doki mutum ne kamar ka zaune a ɗakinsu a wata ƙasa. Ba a tambayarka wai kai mayaƙi ne ko boka ne tun farko, kayan da ka sa su ne kai, ka ɗau baka ka zama maharbi, ka ajiye ka ɗau sandar warkarwa ka zama mai magani.

Amma ni ba faɗan ne ya kama ni ba, kasuwar ce. Wallahi duk wanda ya taɓa zama a Kwari ko Singa ko Dawanau, rana ɗaya zai gane kan gem ɗin nan. Kusan duk takobi da riga da takalmin da ke kasuwa wani ɗan wasa ne ya ƙera, daga itacen da wani ya saro da fatar da wani ya feɗe. Kuma kowane gari da kasuwarsa da ma'ajiyarsa, kayan da ka ajiye a Martlock ba za ka gan su a Lymhurst ba sai ka ɗauko su da kanka. Ga garuruwa biyar a kewaye, Bridgewatch mai kama da hanyar Agadas, Fort Sterling mai ƙanƙara, Thetford cikin fadama, sai waɗancan biyun, kuma kowanne da abin da aka fi samun riba in a can aka sarrafa shi, jima a Martlock, katako a Fort Sterling, ƙarfe a Thetford. To ka ga ai fatauci ne tsantsa. Ka sara a inda yake da araha ka labta wa sa ka kora zuwa inda yake da tsada. Ranar da na fara cin ribar fata na ji kamar jikan madugun Gwanja ne ni, har na kama kaina ina lissafi a bayan takardar rasit a shago, oga ya ɗauka lissafin atamfa nake.

Wannan daɗin kuma shi ne dai masifar. Taswirar kala huɗu ce. Shuɗi ba mai taɓa ka, rawaya in an buge ka za ka tashi da kayanka sai ɗan kuɗin gyara, amma ja da baƙi in aka kashe ka shi kenan, da rigar jikinka da makaminka da abin hawanka da duk abin da ke jaka sun tafi, wasu su lalace sauran ɓarayin su kwashe. Kuma garin Caerleon da ke tsakiya, inda kasuwar bayan fage take wadda ke sayen kayan yaƙi da daraja, jan yanki ne ya zagaye shi ta ko'ina. Wato inda kuɗin yake nan 'yan fashi suke kwanton ɓauna.

Bari in ba ku labarin daren da na kusa fasa waya. Sati uku ina tara kaya, na loda wa sa taf da sulke da makamai zan kai Caerleon. Wajen sha ɗaya na dare ne, an ɗauke wuta tun magariba, ina kwance a kan tabarma a tsakar gida saboda zafin ɗaki, waya na jone da fawa bank ta yi zafi kamar dutsen guga. Na duba ƙasan allo inda ake nuna adadin 'yan ta'addan da ke yankin, ba kowa. Na ce bismillah na shiga. Na wuce yanki ɗaya lafiya, ina tsakiyar na biyu sai san nan ya tsaya cak, ina murza yatsa yana tafiya a waje ɗaya, na ɗaga kai na ga netwok ya sauko daga 4G zuwa wannan harafin E ɗin na baƙin ciki. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne in netwok ɗinka ya yanke, mutuminka ba ɓacewa yake nan take ba, yana nan tsaye a hanya kamar an kafa shi. Na miƙe na ɗaga waya sama ina zagaya tsakar gida kamar mai neman wata, kafin ya dawo an gama da ni, na tarar da kaina a gari daga ni sai gajeren wando. Ban san sanda na ce innalillahi da ƙarfi ba, Hajiya ta leƙo ta taga ta ce lafiya, wa ya rasu? Na ce ba kowa Hajiya, sa na aka sace. Ta ce yaushe ka yi sa ban sani ba. Na rasa ta inda zan fara.

Gaskiya laifina ma yana ciki, kwaɗayi ne ya sa na zuba komai a tafiya ɗaya, alhali tsofaffin hannu kullum cewa suke kar ka fita da abin da ba za ka iya jure asararsa ba. Amma dai mu nan ɓarayinmu biyu ne, na cikin gem da netwok. Da aka buɗe sabar Turai, wato reshen gem ɗin na yankin Turai, a 2024 mutanenmu da yawa can suka koma don ta fi ta Amurka kusa da mu, ni ma a can na fara, kuma in netwok ya zauna, musamman bayan ɗayan dare, tafiya take sumul. Sai dai ka sani abin da ka tara a wata saba ba ya bin ka wata, daga sifili za ka fara, don haka ka zaɓa da kyau tun ranar farko.

Maganar firimiyam kuma, wato ƙarin gatan da ake saya da kuɗi, ana iya bugawa ba ko sisi, amma mai firimiyam yana samun ƙarin kashi 50 cikin 100 na maki kuma harajin kasuwarsa rabi ne, don haka in kasuwanci za ka yi sosai sai ka ji kamar kana tsere da mai mashin kana ƙasa. Ana iya sayensa da silba, wato kuɗin cikin gem, wannan na yaba, in ba haka ba lissafin dala zuwa naira kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. A waya kuma babban yaƙin ƙungiyoyi sai a hankali, in mutane suka cika allo ƙaramar waya numfarfashi take, rubutun kasuwa ma ƙanana ne sai ka ƙanƙance ido.

Ƙungiya ita ce ta hana ni gogewa bayan satar san nan. Tamu 'yan Najeriya ne da 'yan Gana da wasu Larabawa biyu, muna magana ta manhajar hira ta Discord, kuma akwai wani yaro ɗan Zariya da ya ji Hausa a bakina ya ce a'a yaya ashe na gida ne, washegari ya turo min silbar da na sayi wani san. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Sai dai su ma da tasu matsalar, shugaba zai sa lokacin fita daidai da isha'i, ka ce a jira ka minti goma ka dawo ka tarar ayari ya yi nisa. Kuma gem ɗin yana cin lokaci ba kaɗan ba, ka ce bari in shayar da gonata ta cikin gem in fita, sai ka ji kiran assalatu.

Yanzu haka akwai wani lodin a Martlock, wannan karon na raba shi gida uku. Daren Asabar nake so in tashi da kashin farko wajen ƙarfe biyu, daga saman benen maƙwabcinmu inda netwok ya fi kamawa. Ina neman mutum biyu masu doki da za su yi min rakiya, ɗaya a gaba yana duba hanya ɗaya a baya, in mun isa Caerleon lafiya kashi ɗaya cikin goma na ribar naku ne.