Sharhi kan PECS: abin da kundin hotunan nan yake iyawa da inda ya gaza

Duk wanda ya leƙa ajin yara masu galahanga (autism) ko masu tawayar fahimta, da wuya ya fito bai ga wani ɗan kundi cike da ƙananan hotuna a manne ba. Za a ce masa "PECS muke yi", alhali sau da yawa hotuna ne kawai aka buga aka liƙa. PECS, wato Picture Exchange Communication System, tsarin koyarwa ne mai matakai shida, na sadarwa ta hanyar miƙa hoto. Andy Bondy da Lori Frost ne suka ɓullo da shi a 1985, a wani shiri na yara masu galahanga a jihar Delaware ta Amurka, kuma kamfaninsu, Pyramid Educational Consultants, shi ke sayar da kayan ya kuma ba da horo. An yi shi ne don wanda bakinsa bai buɗe ba, ko wanda yake da 'yan kalmomi amma ba ya fara amfani da su da kansa, yaro ne ko babba.

Kayan ba su da yawa: kundin roba mai tauri mai zobba, da layukan Velcro (kamu-kamun da ake mannawa a cire) a bangonsa da shafukan ciki, da igiyar ratayawa, da wani ɗan falle mai cirewa a ƙasa inda ake jera jimla, sai hotuna masu faɗin kimanin santimita 5. Kundin yana jure jifa da taunawa. Hotunan ne ke ɓacewa kullum, don haka a buga kowane biyu ko uku, a rufe su da leda mai kauri. A kuma tsaida shawara tun farko kan ɓangaren Velcro da zai zauna a bayan hoto, mai kaushi ko mai laushi, gida da makaranta su bi abu ɗaya, in ba haka ba hoton gida ba zai kama a kundin makaranta ba. Duk wannan mutum na iya haɗawa da kansa. Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi shi ne horon farko na kwana biyu, domin tsarin yana lalacewa ne a hannun manya, ba a kundin ba.

Kafin a ɗauko hoto ko ɗaya, sai an gano abubuwan da yaron yake mutuwar so, waɗanda zai miƙa hannu ya ƙwata: ƙwallo ne, kumfar sabulu ce, motar wasa ce. Abin da uwa take ganin ya kamata ya so ba ya aiki.

Matakin farko shi ne ƙarfin PECS, kuma yana buƙatar manya biyu. Ɗaya yana gaban yaron riƙe da abin, bakinsa a rufe. Ba "me kake so?", ba "ba ni hoto". Hoto ɗaya tak ne a kan tebur. Ana jira sai yaron ya kai hannu ga abin da kansa. A daidai wannan lokacin na biyun, wanda ke bayansa shi ma shiru, zai karkatar da hannun ya ɗauki hoton, ya miƙa, ya saki a tafin na gaba. Shi kuwa ya ambaci sunan abin, "ƙwallo!", ya ba shi cikin rabin daƙiƙa. Daga nan na bayan ya riƙa janye taimako daga ƙarshe zuwa farko: sakin hoto tukuna, sai miƙawa, sai ɗauka. Ana so a samu irin wannan dama 30 zuwa 40 a yini, a warwatse, ba a zama ɗaya ba.

Shirun nan ne yake gagarar manya. Da zarar an saba tambayarsa kafin ya miƙa, abin da yaro zai koya shi ne jiran tambaya, ranar da babu mai tambaya kuwa zai zauna da ƙishirwarsa ko ya koma kuka. Haka idan mutum ɗaya ya haɗa aikin biyu, yana riƙe da abin yana kuma jan hannun, yaron zai riƙa miƙo hannu a ja shi kawai. Wani kuskuren shi ne sakar masa abin gaba ɗaya. A ba shi na ɗan lokaci ko ɗan kaɗan, don buƙatar ta sake tasowa.

Mataki na biyu shi aka fi tsallakewa, shi ya sa ake ganin yaron da ya "iya PECS" a teburin malama amma ko'ina bai iya ba. Nan ake ja da baya taku-taku, a juya masa baya, a ajiye kundin nesa, a sauya mutum, a sauya ɗaki, har sai ya tashi ya ɗauko hoto ya bi mutum ya taɓa shi. Wannan mataki ba a gama shi, tare ake tafiya da shi har ƙarshe.

A na uku ne ake bambance hotuna, kuma nan masu tawayar fahimta mai tsanani suka fi maƙalewa. Ana fara da biyu: abin da yake so da wanda bai damu da shi ba, kamar safa. Ya miƙo hoton safa, a ba shi safa. In ya ture, sai a bi gyara mai hawa huɗu: a nuna masa hoton da ya dace, a taimaka masa ya miƙa shi a yaba ba tare da an ba shi abin ba, a ɗauke hankalinsa da wani ɗan aiki, sannan a sake gwadawa. A riƙa sauya wa hotunan wuri, don wasu yaran hagu ko dama suke haddacewa, ba hoto ba. In an kai ga abubuwa biyu da duk yake so, sai a ce "ɗauka" a ga ko hannunsa zai je ga abin da hoton ya nuna. Idan abin ya ƙi ci, a gwada hoton gaske maimakon zane, ko a ƙara girmansa, ko a haɗa shi da farin kati wanda ba komai a kai.

Na huɗu jimla ce: hoton "ina so" da hoton abin a kan fallen, ya cire ya miƙa. Babba ya karanta yana nunawa, ya ce "ina so", ya dakata daƙiƙa 3 zuwa 5. In yaron ya furta wani abu, a ƙara masa. In bai furta ba, a ba shi abinsa duk da haka. Hana shi har sai ya faɗa da baki cin amanar tsarin ne. Na biyar amsa tambayar "me kake so?", na shida faɗin abin da ya gani ko ya ji.

To, yana sa yaro ya yi magana? Nan ya kamata iyaye su rage buri. Gwajin da Patricia Howlin da abokan aikinta suka wallafa a 2007 kan yara 84 a makarantun Ingila ya nuna sun ƙara fara sadarwa da kansu da amfani da hotuna, amma magana da baki ba ta ƙaru ba, kuma ci gaban bai ɗore ba bayan ƙwararru sun daina zuwa ajin. Nazarin Flippin da abokan aikinta na 2010, wanda ya tattara bincike da dama, shi ma ya sami ƙaruwa kaɗan zuwa matsakaiciya a sadarwa, abin da ya shafi baki kuwa bai taka kara ya karya ba. Tsoron da ake yi cewa hoto zai hana baki buɗewa, bincike bai goyi bayansa ba.

Babban aibinsa a ganinmu shi ne ƙunci. Matakai biyar cikin shida roƙo ne. Mutum kuwa yana buƙatar ya ce "a'a", "bari", "ciwo", "na gaji". Tsarin ya tanadi katunan "taimako" da "hutu", amma a aikace ana jinkirta su, bai kamata ba. Kama hannu ma akwai yaran da ba sa jurewa, wasu manya masu galahanga kuma sun soki wannan da kuma riƙe abin da yaro ke so don a sa shi roƙo. In yaro yana fizge hannu yana kuka, a tsaya. Wanda hannunsa ba ya riƙe abu sosai, ko idonsa ba ya gani da kyau, wata hanyar za a nema masa.

Ga wanda bai taɓa gane cewa zai iya zuwa wurin mutum ya nemi abu ba, matakai uku na farko suna da wuyar samun na biyu. Amma da hotuna sun yi yawa, kundi ya yi nauyi, neman hoto ɗaya ya koma aiki, lokaci ya yi da za a zauna da ƙwararre kan matsalar magana a duba allon kalmomin yau da kullum ko manhaja mai furta magana irin su Proloquo2Go. Ko an koma manhaja, a bar kundin a jaka saboda ranar da caji ya ƙare.