LeetCode: yana shirya ka wa gwaji, amma ba shi kaɗai ake dubawa ba

Duk wanda zai nemi aikin rubuta manhaja a kamfani irin Google ko Amazon sai ya ji an ce masa ya je LeetCode. Shafin intanet ne na atisayen rubuta manhaja, mai tambayoyi fiye da 3000, an kasa su uku: masu sauƙi, matsakaita da masu tsauri. Za ka rubuta amsarka da harshen kwamfuta irin su Python, Java, C++ ko JavaScript, ka danna, nan take ya gwada ta.

Inda ya fi ƙarfi shi ne koya maka lissafin lokacin da amsarka za ta ɗauka kafin ta gama aiki. Ɗauki tambaya ta 1, Two Sum: a ba ka jerin lambobi, ka nemo biyun da jimillarsu ta kai wani adadi. Sabon shiga yakan gwama kowace lamba da kowace. In lambobin 10,000 ne, ya yi gwami kusan miliyan 50. Wanda ya san dict na Python, ma'ajiyar da ake gano abu a cikinta nan take, zai bi jerin sau ɗaya tak, yana ajiye abin da ya wuce. A tambayoyi masu tsauri, hanyar farko ce ke jawo saƙon Time Limit Exceeded, wato amsar ta wuce lokacin da aka ba ta. Wannan bambanci ne mai ɗaukar aiki yake son ji daga bakinka a zaman tantancewa na minti 45.

To, daga bakinka ɗin nan ne shafin ya gaza. LeetCode ba ya jin magana. Shi kuwa mai tantancewa yana lura ko ka tambaya kafin ka fara: jerin zai iya zuwa babu komai? Akwai lambobin ƙasa da sifili? In amsa biyu suka fito, wacce ake so? Wanda ya haddace amsoshi ɗari uku yakan rubuta shiru, da an ɗan sauya tambayar sai ya tsaya cak. Maganin wannan shi ne ka sa agogon minti 30, ka riƙa faɗar tunaninka a fili, ko da abokinka ne kawai yake sauraro.

Haka kuma shafin ba ya koya maka Git (manhajar adana tarihin canje-canjen aiki), ko karanta rubutun manhajar da wani ya bari, ko gyara kuskure a manhajar da mutane ke amfani da ita. Ƙananan kamfanoni sun fi duba wannan: aiki ɗaya kammalalle a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, da README mai bayanin yadda ake kunna shi.

Kuɗin Premium, wato sashen shafin na biya, da dala ake biya, kuma babban abin da yake ƙarawa shi ne tambayoyin da aka ware da sunan kamfani. In ba ka da ranar gwaji a hannu, na kyauta ya ishe ka.

Gasar da shafin ke shiryawa mako-mako tambaya 4 ce cikin minti 90, sai dai tana faɗowa ƙarfe 3:30 na daren Asabar wayewar Lahadi agogon Najeriya da Nijar. Ta mako bibbiyu, ranar Asabar ƙarfe 3:30 na rana, ita ce ta fi dacewa da mu.