Wata uku a jirgin littattafai na Logos Hope: abin da na biya da abin da na samo

Tun da na dawo ake tare ni a bakin majami'a da tambaya iri ɗaya: "Wai jirgin nan da kika je, nawa suke biya?" Bari in fara da ita don kada kowa ya ɓata lokacinsa. Ba sa biyan ko kwabo. Daga mai wanke tukunya har kyaftin ɗin jirgin, kowa aikin sa-kai yake yi, kuma kai ne ma za ka nemo kuɗin zamanka. Wanda ya ji haka bai ja tsaki ya wuce ba, sauran bayanin nasa ne.

Na shiga shirinsu na gajeren zango, na wata uku, a ƙarshen daminar 2023, bayan na gama bautar ƙasa ina zaune a gida. Wata ƙungiyar agaji ta Jamus, GBA Ships, ita ke tafiyar da jirgin, tana kuma haɗe da ƙungiyar mishan ta Operation Mobilisation wadda George Verwer, Ba'amurke, ya kafa. Ya rasu a watan Afrilun shekarar, don haka na tarar sunansa na yawo a bakin tsofaffin ma'aikata kamar na kakan da aka binne kwanan nan. Sharaɗin shiga a fili yake: ka kai shekara 18, ka zama Kirista, kana jin Turanci daidai gwargwado, ikkilisiyarku kuma ta tsaya maka. Cike takardu da ganawa ta intanet ba su ba ni wahala ba. Kuɗi ne suka kusa kayar da ni.

Na yi lissafina tun dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira, kafin in farga dala ta haura 700, ga tallafin mai an cire, kowa na ta kansa. Kuɗin jirgin sama, biza, inshorar lafiya, allurar shawara da katinta, da kuɗin zama a jirgin, duk suka kusa ninkawa a hannuna. Baba ya ce, "Ki haƙura mana, teku ba za ta ƙafe ba." Zumuntar mata ta ikkilisiyarmu, can wajen Malumfashi, ita ta ƙi haƙura. Suka yi baiko na musamman har sau biyu. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙuli-ƙuli ta kira ni gefe, ta kwance bakin zanenta, ta danƙa mini naira 500 duk ta cukurkuɗe, ta ce, "'Yata, ki sha ruwa a hanya." Wannan kuɗin ban kashe shi ba, yana cikin Littafi Mai Tsarki nawa har yau. Na kawo wannan ne don duk mai niyya daga wajenmu ya san cewa abin da matashin Jamus zai tara da aikin hutun makaranta, mu sai gari ya taru. Ka fara nema da wuri, ka kuma yi lissafinka da dala.

Daga Kano na bi ta Adis Ababa na sauka Mombasa, a gaɓar tekun Kenya, inda jirgin yake tsaye. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar, balle jirgi mai tsawon mita 132, wanda ya zarce filin ƙwallo. Fari ne tas, sai ka rantse sabo ne, alhali a 1973 aka ƙera shi a Jamus, ya girmi mahaifiyata. Ya yi jigilar motoci da fasinja tsakanin Suwidin da Jamus, ya koma tsibiran Faro ya yi shekaru cikin sanyi, kafin a saye shi a 2004, a gyara, ya fara wannan aiki a 2009. Ma'aikatan ɗakin inji suna maganarsa kamar tsohuwar da ake lallaɓawa.

Ni dai da hoton kaina na tafi: ina tsaye gaban jama'a, ina ba da shaida, ana share hawaye. Sai aka miƙo mini hular rufe gashi da takalmi mai ƙarfe a baki, aka ce ɗakin girki. Mutum sama da 300 ne ke cin abinci sau uku a rana a jirgin nan, kuma wani ne zai yanka albasar. Buhu-buhu na yanka. Na wanke tukwanen da zan iya zama a cikinsu, na goge ƙasa, na tsaya gaban injin wanke kwanuka har yatsuna suka yi fari. Kwana biyar aiki, rana ɗaya a fita hidima cikin gari, rana ɗaya hutu. A mako na biyu na shiga banɗaki na yi kuka, ina cewa yanzu matan nan sun tara kuɗinsu ne don in zo Kenya wanke-wanke, abin da nake yi a gida kyauta? Wanda ke goge tire kusa da ni, daga baya na ji ashe likitan haƙori ne a ƙasarsu. Bai taɓa faɗa ba. Shi ya sa na yi shiru, ba don wani ya yi mini wa'azi ba.

Ɗakin kwana kuwa, mu huɗu ne, gado bisa gado, ba taga, faɗinsa bai kai rumbun Baba ba: ni, da wata 'yar Koriya ta Kudu, da Bajamushiya, da 'yar Barazil. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma mun saɓa. Laifin farko nawa ne. Na taho da yaji da kuka da daddawa, na cusa a ƙarƙashin gado. Kwana uku 'yan ɗakin suna neman abin da ya mutu, har suna shirin kiran masu gyaran famfo, ni kuwa hancina bai ji komai ba. Da na gane, kunya ta kusa kashe ni. 'Yar Koriyar ce ta cece ni, ta shinshina ta ce ai su ma suna da irinta ta waken soya, ƙamshin gida ne. Muka nannaɗe ta cikin leda uku muka kai firji.

Saɓani na gaske da Bajamushiyar ne, kuma a kan gaisuwa. Ta tashi da safe, ta wuce ni, ta ce in kashe fitila idan zan fita. Ba ina kwana, ba ya gajiya. Na kwana biyu ina tunanin me na yi mata. Ita kuma ashe tana ganin ina da kewaye-kewaye: idan ta tambaye ni ko zan karɓar mata aiki, sai in ce "to, bari mu gani", ta ɗauka na yarda, alhali duk Bahaushe ya san na ƙi. Ranar da abin ya fashe, ta zaunar da ni ta ce, "Don Allah idan a'a ne, ki ce a'a." Na ce, "Ke ma don Allah idan gari ya waye, ki gaishe ni." Muka yi dariya har 'yar Barazil ta faɗo daga gado tana tambayar me ya faru. Kafin in bar jirgin ta iya "ina kwana" da "lafiya lau", ni ma na iya cewa a'a ba tare da cikina ya murɗa ba, ko da yake da na dawo gida na gwada wa Inna sau ɗaya, ban sake ba.

Abinci ba zan ce komai ba sai cewa harshena ne bai saba ba. Burodi da cuku da ɗanyen ganye a matsayin abincin kirki, wannan sai Bature. Yajina ya yi aiki, har ya zama ana zagayowa da shi a teburi. Ran hutu kuwa sai in hau Keke, da suke kira tuktuk, in nemi ugali, wanda tuwon masara ne ba wani abu ba, sai dai ya fi namu tauri kuma ba miyar kuka.

Dokoki suna da yawa kuma galibinsu na ga amfaninsu. Ba a fita gari mutum ɗaya, akwai lokacin dawowa da dare, sabon shiga kuma ba ya fara soyayya a shekararsa ta farko. Turawa matasa suna ta gunaguni a kan wannan ta ƙarshe, ni ko a jikina, gidanmu ya fi haka tsanani. Ga atisayen gaggawa: ƙararrawa gajeru bakwai da doguwa ɗaya, kowa ya ɗauki rigar ceto ya nufi inda aka sa shi, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ba wasa ba ne a wurinsu, domin jirginsu na farko, Logos, ya hau kan duwatsu a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu a Janairun 1988, kuma duk wanda ke ciki ya fita da rai.

Inda zuciyata ta kwanta shi ne bene na huɗu, wurin baƙi. Nan kasuwar littattafan take, iri sama da 5,000: na yara, na girki, ƙamus, kimiyya, lissafi, wasanni, da na addinin Kirista. Ba a rubuta farashi da kuɗin wata ƙasa, da maki ake rubutawa, a kowace tasha sai a faɗi abin da maki 100 ya kama a kuɗin garin. A ƙarshen mako layi yakan miƙe har wajen ƙofar tashar, 'yan makaranta cikin kayan makaranta, iyaye da goyo. Idan na tashi daga aiki da sauran ƙarfi, nakan sauko in taya masu tarbar baƙi.

Mombasa gari ne mai Musulmi da yawa, kuma a nan na ga abin da ban san ina da shi ba. Wasu abokan aikina, mutanen kirki, idan suka ga mata cikin baƙin hijabi ko dattijo da hula da carbi, sai su daburce, su rasa ta inda za su fara. Ni kuwa kamar ina kasuwar Funtuwa. Rabin danginmu Musulmi ne, kawuna liman ne a unguwarsu, da Sallah a kawo mana nama, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa. Wata Asabar wani dattijo ya shigo da jikokinsa uku. Na rusuna na yi masa sallama, na ƙara da "shikamoo", gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba a can. Ya ce "marahaba", ya tsaya yana dubana, ya tambayi daga ina. Da na ce Bahaushiya ce daga Najeriya, sai fuskarsa ta washe, ya ce ya zauna da Hausawa a Makka lokacin aikin Hajji. Na ce, "Baba, ai kuwa ka ga 'yan uwana." Ya tambaye ni kai tsaye ko jirgin na Kiristoci ne, na ce ƙwarai, ni ma Kirista ce. Ya ce to madalla da na faɗi gaskiya. Na nemo masa kujera, na zaga da yaran, suka zaɓi ƙamus da littafin taswira. Muka shafe kusan awa muna tono kalmomin da Larabci ya raba mana: su habari mu labari, su sabuni mu sabulu, su asubuhi mu asuba, su kalamu mu alƙalami, dunia kuwa duniya ce ko'ina. Da zai tafi ya sa mini albarka, na ce amin.

Daren nan Bajamushiyar ta tambaye ni a wane kwas na koyi wannan. Na ce a zauren kawuna. Daga nan aka riƙa nemana a sha shayi, ana tambayar yadda ake gaida babba, da wane hannu ake miƙa abu, me ya sa ba a miƙa wa dattijo hannu sai shi ya fara. Wani Bature ma bai san akwai Hausawa Kiristoci ba. Na nuna masa Littafina, na gaya masa tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, kuma mutum ukun da suka fara mishan ɗin da ya haifi ikkilisiyarmu ta ECWA, su ma a jirgin ruwa suka sauka Legas a 1893, biyu daga cikinsu suka rasu a 1894.

Ranakun fita gari mun je makarantu da gidan marayu, mun yi fenti, mun raba tabaran karatu bayan gwajin ido. Na ga wata tela da ta sa tabarau ta zura zare a allura, ta yi guɗa irin tasu. Amma kada mai zuwa ya sa ran ganin abin da ya shuka ya tsiro. Jirgi baƙo ne, makonni kaɗan ya ɗaga. Ikkilisiyoyin garin da matasan da ke shigowa taimako a kowace tasha, su ne masu ci gaba da aikin, su ne kuma suka fi mu sanin inda ɗakin ke yoyo.

Tafiya kan teku daga Mombasa zuwa Darussalam ta Tanzaniya gajeriya ce, amma ni na ga tsawonta. Na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito, ina kwance ina jin ƙugin inji, ina tuna maganar Baba. Ka nemi maganin jiri tun kafin a kwance igiya, ka ci busasshen biskit, ka hau sama ka kafa ido a inda ruwa ya haɗu da sama.

Idan maki ake so, na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan kuma naira ce ta cinye shi tare da cikina da bai son teku. Wanda ke neman hanyar tsallakawa Turai, ko albashi, ko yawon buɗe ido, kada ya wahalar da ikkilisiyarsu. Wanda zai iya wanke tukunyar mutum 300 ba a ce masa sannu ba, ya kwana da baƙi uku a ɗakin da ba taga, wannan ya nema. Wata uku sun yi mini kaɗan, domin sai da na fara gane mutane lokacin tafiya ya yi, masu shekara ɗaya ko biyu sun fi mu mora. Ya taho da rigar sanyi, don na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa ko ana zafi a waje, da kayan gargajiya masu kyau saboda daren al'adu, inda atamfata da ɗaurin ɗankwalina suka sha hoto. Yaji kuwa ya ninka abin da ya yi niyya. Nawa ya ƙare a mako na bakwai, kuma har makon jiya 'yar Koriyar nan tana turo mini saƙo, tana tambaya ko ana iya aika shi ta gidan waya zuwa Busan.