Wace manhaja za a zaɓa don nuna filin maganaɗisu a kewayen wayar lantarki?

Tun a 1820 masanin kimiyya Oersted ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan aka kusantar da ita ga wayar da wuta ke bi ta cikinta, amma har yau malamin kimiyya yana shan wahala wajen nuna wa ɗalibai wannan fili, wato yankin da ƙarfin maganaɗisu yake aiki a kewayen wayar, domin ido ba ya ganinsa. Kafin a ciro kuɗi, ya kamata mai saye ya fara tantance ko siffar filin yake son gani, ko kuwa lissafinsa yake bukata.

Ga makarantar sakandare, PhET ta Jami'ar Colorado ta wadatar. Kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki da ita ba tare da intanet ba. Sai dai ta fi mayar da hankali kan naɗaɗɗiyar waya da sandar maganaɗisu, saboda haka wanda ke son ganin zoben da ke kewaye miƙaƙƙiyar waya zai fi gamsuwa da shafin Paul Falstad.

Ɗalibin injiniya kuwa lambobi yake nema, kuma FEMM, wadda David Meeker ya rubuta, ita ce ta dace da shi. Ba a biyan ko sisi, tana aiki a Windows, amma a shimfiɗe take zana abu, kamar an yanka wayar an duba bakinta. COMSOL da Ansys Maxwell suna nuna kowace kusurwa, sai dai lasisinsu yana da tsada kuma suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi. A ganina, sayensu domin waya ɗaya tilo ɓarnar kuɗi ce.

Ko wacce aka zaɓa, a jarraba ta da lissafi mai sauƙi: wutar ampiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya) tana ba da fili mai mikrotesla 100 (ma'aunin ƙarfin fili) a nisan santimita 2 daga wayar, kuma idan nisan ya ninka sai ƙarfin ya ragu da rabi. Wannan lissafi ne ke bayyana dalilin da garin ƙarfen da ake barbaɗawa a kan kwali a kewayen waya don a ga siffar filin yake ƙin jeruwa idan ƙaramin batir aka haɗa, domin ampiya 1 a santimita 1 mikrotesla 20 kawai take bayarwa, ƙasa da filin maganaɗisun duniya kanta. A irin wannan hali ƙananan kamfas sun fi amfani, ko manhajar phyphox, wadda ke auna filin da wayar salula.