Shagon da ya gyara min matsalar maus a Computer Village

Jama'a bari in ba ku labarin wani ɗan shago a Computer Village, kasuwar kwamfuta da wayoyi da ke Ikeja, don na san masu sana'a irin tawa wannan matsalar za ta iya faɗa musu. Ni a Agege nake, aikin zane nake yi a kwamfuta, katin biki da kalanda da fosta, duka da manhajar zane ta CorelDRAW. Maus ɗina mai maɓalli biyu ne a gefe, na saita ɗaya yana mayar da aiki baya in na yi kuskure, ɗayan kuma yana zumin wato ƙara girman zane a allo, hannuna ya saba har ba na duba kibod.

To ranar Talata da daddare manhajar da ke tsare min kwamfuta daga masu leƙen asiri ta yi afdet da kanta, da safe na kunna sai na ga kibiya tana yawo lafiya lau, dannan hagu da na dama suna yi, amma maɓallan gefe sun mutu murus kuma manhajar maus ɗin ko buɗewa ta ƙi. Na canza batir, na zare ɗan USB ɗin na mayar wani rami, na kashe na kunna ya fi sau biyar, shiru kake ji. Ga katin ɗaurin auren wani Alhaji na Mile 12 da za a karɓa ranar Alhamis, hankalina ya tashi sosai.

Wani abokina ne ya kwatanta min wurin, yana wani lungu kusa da titin Otigba sai ka hau bene. Kafin ka isa kam sai ka sha fama da yaran bakin hanya masu jan hannu kowa na cewa zo nan. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya, ga zafi ga ƙarar janareta, na yi kusan awa guda kafin layi ya zo kaina.

Mai gyaran matashi ne ɗan Zariya, kuma abin da ya fara burge ni bai ce in sayi sabon maus ba alhali ga su nan rataye a bayansa. Cewa ya yi "Malam tunda kibiya na motsi maus ɗinka ƙalau yake, me ya canza a kwamfutar jiya?" Ina cewa afdet ya gyaɗa kai, ya buɗe manhajar tsaron ya shiga inda take killace fayilolin da take zargi, wallahi sai ga fayil ɗin manhajar maus ɗina a ciki da kwanan watan daren Talata.

Ya yi min bayani yadda na gane. Manhajar maus dole ta riƙa lura da abin da kake dannawa don ta san lokacin da za ta yi aikin da ka saita mata, to manhajojin ɓarayi masu satar fasuwod su ma haka suke yi, shi ya sa wani lokaci in an sabunta jerin abubuwan zargi sai a haɗa da mai gaskiya. Kibiyar kuwa Windows ce ke tafiyar da ita da nata direban, wato 'yar manhajar da ke sa maus aiki, shi ya sa ba ta tsaya ba.

Na ce to ya kashe tsaron gaba ɗaya mu huta, ya ce "A'a yaya, kai da kullum ake kawo maka filash daga hannu daban-daban?" Nan na ƙara yarda da shi gaskiya. Sai ya cire tsohuwar manhajar duka, ya sauko da sabuwa daga shafin kamfanin da ya ƙera maus ɗin, ya sa foldarta ita kaɗai cikin waɗanda tsaron zai ƙyale, ya ristat, nan take ta buɗe.

Inda bai kyauta min ba shi ne bai gaya min saitin maɓallaina zai goge ba, sai da na koma Agege na gani, na ɓata lokaci ina sake saitawa. Rasit ma bai ba ni ba. Naira dubu biyar ya karɓa, aikin bai wuce minti ashirin ba, kuma ni ban ga tsadarsa ba tunda katin Alhaji ya fita ranar Alhamis da azahar. In za ku je ku yi sammako kafin layi ya taru, kuma ku ɗauki hoton saitinku a waya kafin ya taɓa komai.